Turaku Shida a Ƙofar Gida

Da yammacin wata Alhamis cikin hunturu, bayan an idar da sallar La'asar, wani faifan ƙarfe mai nauyin kilo 10 da aka jingine da bangon shigifa a wani gida da ke Zandam ya zame ya faɗi a kan ƙafar wata yarinya 'yar shekara uku. Ba wanda ya ture shi da gangan. Yarinyar ta biyo ɗan akuya ne da gudu, ta dafa faifan domin ta tsaya, shi kuwa ya biyo hannunta. Allah ya taƙaita, ƙashi bai karye ba, amma farcen babban yatsanta ya fashe, kuma kafin a kai ta wurin ma'aikacin lafiya jini ya ɓata zanen mahaifiyarta. Mai ƙarfen, wato ƙanin mahaifin yarinyar, yana makaranta wajen darasin yamma lokacin da abin ya faru. Ko da ya dawo, sai ya tarar an kwashe faya-fayan gaba ɗaya an zube su a bayan zaure, kusa da juji, inda ake ajiye abin da gida ya gama da shi.

Mai ƙarfen malamin makarantar sakandare ne, ya ba shekara 30 baya da kaɗan. A Kano ya koyi ɗaga ƙarfe lokacin da yake karatu a Jami'ar Bayero, a wani fili da samarin unguwa suka share a bayan shagunan masu walda. Ba sha'awar faɗin ƙirji ce ta kai shi ba. Mahaifinsa ya yi shekara biyu a kwance da shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma da aka auna jinin ɗan sai aka ga shi ma ya fara haurawa. Likita ya ce ya rage gishiri, ya kuma nemi abin da zai riƙa sa shi gumi, tun da aikinsa na alli ne da zama. Saboda haka a wurinsa ƙarfen nan magani ne. Sai dai magani ne wanda ba a san shi a gidansu ba, kuma shi bai taɓa zama ya yi wa kowa bayaninsa ba.

Zandam na cikin ƙaramar hukumar Gwaram, a ƙasar masarautar Dutse, can kudancin Jihar Jigawa inda ta yi iyaka da Jihar Bauchi. Ƙasa ce ta noma: gero da dawa da gyaɗa da riɗi a tudu, shinkafa da kayan lambu a fadama. Mutanen wannan yanki ba baƙin ƙarfi ba ne. Sun san ƙarfin mai huɗa da garma tun fitowar rana har azahar, sun san na 'yan dako masu sauke buhu a kasuwar Sara, sun kuma san na 'yan kokawa da 'yan dambe da ake taruwa kallo bayan an kai amfanin gona gida. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da yake haifarwa, yana da lokacinsa, yana da fagensa. Abin da ya ɗaure wa dattawan gidan kai shi ne mutum ya sunkuya ya ɗaga nauyi, ya yi nishi, sannan ya mayar da shi daidai inda ya ɗauko shi, gona ba ta ƙaru da kunya ko ɗaya ba, buhu ko ɗaya bai shiga mota ba.

Kayan nasa ba su da yawa. Akwai wani firam mai ƙafa huɗu da samari ke kira keji, wanda aka haɗa masa da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ya sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Tsawonsa ya ɗan haura mita 2. An huda ƙafafunsa jere-jere domin a riƙa zura ƙugiyoyin da sanda ke hutawa a kansu, da kuma wasu sanduna biyu na kariya waɗanda ke tare nauyin idan ya fi ƙarfin mai ɗagawa. Akwai sanda guda mai kilo 20, sai faya-fayai: huɗu masu kilo 20, huɗu masu kilo 10, da wasu ƙanana huɗu da ya zuba da kansa da siminti a cikin tsofaffin kwanoni. Ya kafa kejin a ƙofar gida, wato filin da ke tsakanin zaure da shigifa, inda al'ada ta tanadar wa samari ɗaki. Duk wanda zai shiga cikin gida ko zai fita, babba ko yaro, mutum ko dabba, ta nan zai bi.

A nan kuskurensa yake, kuma bai gan shi ba sai da jini ya zuba. Amfanin keji shi ne mutum ya iya motsa jiki shi kaɗai ba tare da fargabar ƙarfe ya danne shi ba. An yi shi ne domin kare mai ɗagawa. Wanda ba ya ɗagawa kuwa, babu wanda ya yi tunaninsa, domin a ɗakunan motsa jiki na birni babu mai rarrafe, babu ɗan akuya, babu tsohuwar da ke fita da asuba ba fitila. Ya ɗauko kayan daga can ya kawo su gidan gandu, bai ɗauko tambayar da gidan gandu zai yi musu ba.

Hukuncin Baffa da tambayar Inna

Bayan sallar Isha'i wan mahaifinsa, wanda shi ne maigida tun rasuwar mahaifin, ya aika a kira shi zaure. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baffa, Allah ya ba ku haƙuri. Sakacina ne."

Baffa ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa. Ya ce, "Malam," domin haka yake kiransa tun da ya fara koyarwa, rabi girmamawa rabi zolaya, "yau yatsa ne. Da kai ne fa? Da me za ka dubi ɗan'uwanka? Na zuba maka ido tun da ka kawo tarkacen nan, ina ganin samari na shigo mini gida da yamma suna tuɓe riga. Ka san abin da ake faɗa a kan 'yan daba a Kano da 'yan sara-suka a Bauchi. Ban ce kai haka kake ba, amma bakin mutane ba ya tambaya. Daga nan zuwa Juma'a ta sama, ka nemi inda za ka kai su."

Washegari da safe ya shiga cikin gida ya sami matar yayansa tana tankaɗe. Ya ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, tsautsayi ne," amma ba ta ɗago kai ba, kuma ta jawo yarinyar ta zaunar da ita a bayanta. Wannan ya fi maganar Baffa yi masa ciwo. Ya san cewa idan ya kwashe ƙarafan zuwa gidan wani aboki a Gwaram, ba za a yi wata biyu ba zai daina zuwa, kuma ya san inda hanyar mahaifinsa ta ƙare. Ya kuma san cewa idan ya yi taurin kai, zai ci gaba da zama a gidan amma ba za a ƙara aiko masa da yaro ɗauke da kwanon tuwo ba.

Mahaifiyarsa ce ta buɗe masa ƙofa, ba tare da ta nufi haka ba. Da ya je gaishe ta, ya fara yi mata bayanin likita da hawan jini, sai ta katse shi ta ce, "Su ƙarafan nan, ina wurinsu?" Ya ce, "Inna, ai a ƙofar gida suke." Ta ce, "Ban tambaye ka inda ka zube su ba. Cewa na yi ina wurinsu?"

Ya rasa amsa. Da ya ɗaga kai ya dubi ɗakin da ya girma a cikinsa, sai ya ga abin da take nufi. Ƙwaryar nono tana cikin ragaya, a rataye, inda kyanwa ba ta kaiwa. Kwanonin jere suna bisa juna, babba a ƙasa ƙarami a sama. Tabarma a naɗe take a kusurwa, gafaka na jikin ƙusa, wuƙar yankan kuɓewa a soke take a rufin ɗaki. A waje randa na kan gindinta, turmi a kife, taɓarya a jingine inda ba hanya, hatsi na cikin rumbun da aka ɗora a kan duwatsu saboda gara da danshi. Gidan Bahaushe na ƙauye ba shi da kabad mai yawa, amma kusan babu wani abu a cikinsa da ba shi da mazauni, kuma mafi yawan mazaunan nan an tsara su ne da tunanin yaro da dabba. Abin da ke yanka a sama yake, abin da ke zubewa a rataye yake, abin da ke yawo a ɗaure yake. Abin da ba shi da mazauni kuwa, ko ya shekara goma a gida, baƙo ne. Baƙo kuma raɓa ne, in ji Hausawa, ana jiran rana ta fito ya tafi. Faya-fayan sun yi shekara biyu a gidan a matsayin baƙi, kuma ranar farko da suka yi laifi aka raka su juji.

A shagon mai walda

Ya taɓa gani a Kano, ya kuma gani a hotunan waya, cewa kejin da ake ƙerawa a masana'anta yakan zo da wasu gajerun sanduna da ake ɗaurawa a jikin ƙafafunsa ana zura faya-fayai. Sayen irin waɗannan ba zai yi masa amfani ba, ko da yana da kuɗin, domin an yi su ne daidai da hudojin kejin kamfani, nasa kuwa hudojin hannu ne. Ranar Asabar ya ɗaure faifai guda a bayan babur ya nufi wurin wani mai walda a Gwaram.

Matsalar farko da ya ci karo da ita ta harshe ce. Ya san sunan abin da Turanci, sai ya hausantar da shi ya ce yana son a yi masa fegi shida. Mai waldar ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ni ba na sayar da fili. Dillalai za ka nema." Ya ce to ƙusa, sai yaron shago ya ɗebo masa 'yar inci shida. Ya ce maratayi, sai mai waldar ya lanƙwasa yatsa ya nuna ƙugiya irin ta mahauta. Daga ƙarshe ya tsuguna ya zana kejin a ƙasa da tsinke, ya ja gajerun layuka uku a kowane gefe. Mai waldar ya ce, "Af! Hannuwa kake so in yi masa."

Daga nan aikin ya koma na awo. Hudar da ke tsakiyar faifan tana da faɗin milimita 50, manyan faya-fayan kuma faɗinsu santimita 45 ne. Waɗannan ba ma'aunai ne da aka yanke a Kano ko Legas ba. Ƙa'idar gasar ɗaga nauyi ta duniya ce, irin wadda Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Nijeriya lambar azurfa a ƙarƙashinta a wasannin Olamfik na Sidni a shekarar 2000. Masana'antu suka bi wannan awo, 'yan gwanjo suka kawo kayan, ga shi yau awon yana yi wa mai walda a Gwaram umarni. Da suka gwada guntayen bututun da ke shagon, sai suka ga bututun ruwa da ake kira inci ɗaya da rabi, wanda kaurinsa na waje ya ɗan haura milimita 48, yana shiga hudar ba tare da ya cije ba kuma ba tare da ya yi lako-lako ba. Babu isasshe a shagon, sai da aka aika Birnin Kudu aka sayo.

Mai waldar ya so ya liƙa bututun kai tsaye a jikin ƙafar kejin, domin ya fi sauri kuma ya fi arha. Malamin ya roƙe shi su gwada a kan ragowar ƙarfe irin na ƙafar tukuna. Aka liƙa guntu mai tsawon santimita 25, mai waldar ya taka bakinsa ya ɗora nauyinsa. Waldar ba ta saki ba, amma jikin ƙarfen ya loɓa, domin kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa: idan yana kusa da cinya ana tafiya da shi, idan aka miƙe hannu sai kafaɗa ta gaza, alhali ruwan bai ƙaru ba. Nauyi yana ƙara matsa wa gindi gwargwadon nisansa da shi. Suka sauya dabara. Aka liƙa kowane bututu a kan wani falle mai kaurin milimita 6, aka yanka wani fallen irinsa da zai zauna a ɗaya gefen ƙafar, a matse su biyun da noti biyu masu ratsa ƙafar. Ta haka nauyin ya bazu a kan faɗin tafin hannu maimakon ya taru a wuri guda, kuma idan an so sauya wuri sai a kwance noti kawai.

Ranar Litinin mai waldar ya zo gidan da janareta da injin huda. Inda za a ɗaura hannuwan ya ci musu lokaci fiye da ƙera su. A ƙafafun baya aka sa su, suna duban waje, uku a dama uku a hagu. Malamin ya mayar da ƙugiyoyin sandar ƙafafun gaba, domin kada faifan da ke jikin sanda ya riƙa karo da wanda ke ajiye, tun da kowanensu yana cin santimita 22 da rabi daga tsakiyarsa. Wannan ya haifar da wata fa'ida da bai yi tsammani ba: a da, idan ya ajiye sanda da ƙarfi kejin yakan yi rawa, yanzu kuwa nauyin kilo 120 da ɗoriya da ke zaune a baya ya danne shi. Hannun ƙasa an sa shi santimita 30 daga daɓe, ya ɗauki masu kilo 20, saboda mai nauyi a ƙasa ya kamata ya zauna, kuma mai ɗauko shi ba sai ya cira shi sama ba. Na tsakiya yana santimita 75, ya ɗauki masu kilo 10. Na sama yana daidai ƙirjin babban mutum, aka bar shi ga 'yan simintin, waɗanda biyu daga cikinsu sun riga sun fashe ranar da aka watsar da su. Aka raba nauyin daidai wa daida tsakanin dama da hagu, kamar yadda ake yi wa jaki mangala.

Sauran gyare-gyaren duk saboda yarinyar aka yi su. An ɗan ɗaga bakin kowane bututu sama da kamar kaurin yatsa, domin faifai ya riƙa gangarawa wajen gindi ba wajen baki ba. An huda bakin huɗun ƙasa aka saƙala ƙananan kwaɗuna, ta yadda ko yaro ya ja faifan ba zai fito ba. An goge kaifin bakunan, aka naɗe su da tsohon tayar babur, saboda na tsakiyar yana daidai fuskar ɗan shekara uku. Da yake ƙasan wurin daɓe ne wanda ke laushi da damina, sai ya sayi siminti aka zuba ƙarƙashin kejin aka dasa ƙafafunsa a ciki. A ƙarshe aka shafa fenti saboda tsatsa. Kuɗin aikin ya cinye kusan rabin albashinsa na wannan wata.

Sunan da ya zauna

Da yamma Inna ta fito za ta shiga maƙwabta. Ta tsaya ta dubi faya-fayan a jere, babba a ƙasa ƙarami a sama, ta taɓa kwaɗo guda, sannan ta ce, "To, yanzu ka yi musu turaku." Ta wuce abinta. Daga ranar ba a ƙara kiran su da wani suna a gidan ba, har samarin da suka san kalmar Turancin.

Wannan zaɓi nata ya cancanci a tsaya a kansa. Kalmomi huɗu aka gwada kafin nata, kowace da dalilin faɗuwarta. Fegi ita ce kalmar Turancin kanta, amma Hausa ta riga ta are ta tun zamanin da masu awon ƙasa ke kafa 'yan sanduna a kusurwoyin fili, ta ba ta ma'anar filin da aka shata; kalmar aro takan riƙe ma'anar da aka fara haɗuwa da ita, ba ta komawa gida ta ɗauko sauran ma'anoninta. Ƙusa ta dace da siffa amma ta yi ƙanƙanta. Maratayi ya dace da aiki, sai dai abin da ake ratayewa mara nauyi ne, riga ko jaka ko carbi, kuma ana rataye shi ne domin a kare shi. Hannu kuwa, kalmar mai walda, daga mahangar maƙeri take: ya dubi firam ya ga jiki, ya ƙara masa gaɓa. Inna ba siffa ta duba ba, ba kuma maƙera ba. Turke ba ya kama da wannan bututu: shi a tsaye yake, a ƙasa ake kafa shi, da icce ake yin sa. Abin da ya haɗa su shi ne dalili. Ana kafa turke ne saboda abu mai amfani wanda zai yi ɓarna idan aka sake shi. Ba a yi wa kura turke, ba a kuma yi wa tabarma. Sa ake yi wa, da doki, da akuya. Da ta ce turaku, ta yanke hukunci biyu a kalma guda: ƙarafan nan masu haɗari ne, kuma dukiyar gida ne. A ƙasar da zanen shanu ke jikin duwatsun Birnin Kudu, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniyar masana a shekarun 1950, ba abin mamaki ba ne tsohuwa ta auna baƙon abu da ma'aunin garke.

Manazarta adabin Hausa sun san wannan hanya, domin ita suka bi. Lokacin da aka nemi kalmar da za ta ɗauki ma'anar babban saƙon da waƙa ke zagayawa a kansa, ba a ƙirƙiro sabuwa ba. An ɗauko jigo daga bakin rijiyar lambu, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya ɗauko turke daga garke ya kafa shi a nazarin waƙar baka, ya zama abin da ɗiyan waƙa ke kewayawa ba su tsinke ba. Haka ita ma kalmar faifai ta yi tafiya: daga abin da ake saƙawa a rufe ƙwarya, ta koma na garmaho, ta koma na bidiyo, ga shi yanzu ta sauka a kan ƙarfe mai huda a tsakiya. Abin lura ga masu aikin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi shi ne, a wannan gida, kalmar mai digiri ce ta fara faɗuwa, ta wadda ba ta taɓa shiga aji ba ce ta zauna. Shi ya tambayi kansa yadda ake kiran abin a inda aka ƙera shi. Ita ta tambayi kanta aikin da zai yi a inda aka kawo shi.

Juma'a ta sama

Bayan an sauko daga masallaci Baffa ya tsaya a gaban kejin, bai kira kowa ba. Malamin yana kallonsa daga bakin ɗaki. Ya kama ƙafa guda ya girgiza, ba ta motsa ba. Ya sunkuya ya ja faifan ƙasa, kwaɗo ya tare shi. Ya shafa tayar da aka naɗe bakin bututun da ita. Sannan ya juyo ya ce, "Malam, waɗannan makullan, a wurin wa za su zauna?" Ya ce, "A wurina, Baffa." Ya ce, "A'a. Guda a wurinka, guda a wurina."

A nan ne malamin ya sami ƙarfin halin faɗin abin da ya kamata ya faɗa tun shekara biyu da suka wuce. Ya gaya masa abin da aka gani da aka auna jininsa, da abin da likita ya ce, da tsoron da yake kwana da shi tun ranar da suka ɗauki mahaifinsa a tabarma zuwa mota. Baffa ya yi shiru, domin shi ne ya riƙe ɗaya gefen tabarmar. Bai ce ya janye hukuncinsa ba, bai kuma ce aikin ya yi kyau ba. Sharuɗɗa ya gindaya: samari su zo bayan La'asar su watse kafin Magariba, kada wanda ya tuɓe riga, kada a kawo wanda ba a san ubansa ba, kuma duk wanda ya cire faifai shi zai mayar da shi turkensa. Wanda ya bar guda a ƙasa, ko sau ɗaya ne, kada ya sake shigowa. Sharaɗin ƙarshen ya riga ya kori mutum biyu, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne ya fi kowa ƙarfi.

Ba komai ne ya koma yadda yake ba. Farcen yarinyar ya fita, wani ya tsiro a karkace, kuma har yanzu idan mahaifiyarta za ta fita da ita sai ta ɗauke ta a ƙofar shigifa, ba ta sauke ta sai a zaure. Tana amsa gaisuwar ƙanin mijinta, ta kuma koma aiko masa da tuwo, amma babbar 'yarta take ba, ba ƙaramar ba. Shi ma bai nemi fiye da haka ba.

Da damina ta faɗi, Baffa ya fara fita yankan ciyawar awaki da sassafe. Wata rana malamin ya fito zai motsa jiki, sai ya ga lauje a saƙale a turken sama na hagu, a gaban faifan siminti, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ya cire shi ya ɗauki faifansa, da ya gama ya mayar da faifan, ya mayar da laujen yadda ya same shi. Tun daga lokacin nan ne wurin laujen, kuma babu wanda ya taɓa ta da maganar a tsakaninsu.